Leƙa Gidan Wasu: Romaniya da Gadon da ke Hannun Iyaye Mata

  A wannan makon za mu nausa gabashin Turai, mu yada zango a ƙasar Romaniya.

Da yawanmu mun fara jin sunan ƙasar sosai ne a 2022, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Yukren, ɗalibanmu da ke karatu a can suka tsallaka iyaka neman tsira. Wasu daga cikin jiragen da suka dawo da su gida daga Bukarest, babban birnin Romaniya, suka taso. Wasu kuwa ta fim ɗin Dirakula suka san ta, dodon nan mai shan jini. To wannan labari wani marubuci ɗan Ailan mai suna Bram Stoker ne ya ƙaga shi a 1897, kuma bai taɓa taka ƙasar ba. Mu ajiye dodo a gefe.

Abin da ya sa na zaɓo mana Romaniya wata tambaya ce da ta shafi kowace uwa: idan mutanen gari suka watse neman abinci, me ke saura daga gadonsu, kuma wa ke riƙe shi? Ƙasar nan ta ga irin wannan watsewa har sau biyu a cikin shekara hamsin, kuma amsar tana nan a fili a garuruwanta.

Dutse, daji da ruwa

Girman Romaniya ya kai kusan kashi ɗaya bisa huɗu na Najeriya, mutanenta kuwa kimanin miliyan 19. Harshensu ɗan uwan Italiyanci da Faransanci ne, gadon Rumawa da suka ci yankin a shekara ta 106. Akasarinsu Kiristoci ne. Abincin da ƙauye ya fi sani shi ne mamaliga, wato tuwon masara sak, sai dai su da cuku da kindirmo suke ci.

Duwatsun Karpat sun lanƙwaso a tsakiyar ƙasar kamar lauje. Mafi tsawonsu, Moldoveanu, ya kai mita 2,544. Dazuzzukan da ke jikinsu na cikin 'yan kaɗan da suka rage a Turai ba a taɓa sare su ba, kuma in ka cire Rasha, babu ƙasar Turai da ta kai Romaniya yawan dabbar beyar. Akwai wata hanyar mota da aka fasa tsakanin 1970 da 1974, tana murɗawa kamar maciji har ta haura mita 2,000. Fiye da rabin shekara a rufe take saboda dusar ƙanƙara.

A gabas kuma, kogin Danub, wanda ya taso tun daga Jamus ya ratso ƙasashe goma, nan yake rabuwa gida uku kafin ya faɗa Bahar Aswad. Wurin ya zama wata ƙatuwar fadama ta tafkuna da dogayen ciyayin ruwa, inda kwale-kwale ya maye gurbin mota. Nau'in tsuntsaye sama da 300 ke zama ko yada zango a nan, har da garken kwasakwasa, kuma da sanyi ya ƙarato da yawansu Afirka suke yowa ƙaura. A wannan gefen ne Musulmin ƙasar, Turkawa da Tatar, suke zaune tun ƙarnuka da suka wuce. Masallacin garin Mangalia tun ƙarni na 16 yake tsaye.

Garuruwan da aka gina don a kare yara da hatsi

Cikin lanƙwasar duwatsun nan akwai yankin Tiransilbaniya, kuma a nan tsofaffin garuruwan suke. A tsakiyar ƙarni na 12 sarkin Hangari, wanda ke mulkin yankin a lokacin, ya gayyato Jamusawa manoma da masu sana'a su zauna su tsare masa iyaka. Su ake kira Sakson. Wuri ne na hare-hare, yau Tatar gobe dakarun Daular Usmaniyya, saboda haka duk abin da suka gina da tunanin tsaro suka gina shi.

Ki ɗauki Sighisoara, ana furta shi Sigishwara. Gari ne a kan tudu, kewaye da ganuwa, kuma har yau mutane na kwana suna tashi a cikinsa. Hasumiyoyi 14 aka yi wa ganuwar, 9 sun rage. Kowace hasumiya ƙungiyar masu sana'a guda ce ke da alhakin gyara ta da kare ta: ga ta maɗinka, ga ta maƙera, ga ta mahauta, ga ta majema, ga ta masu tufka igiya. Abin da ya fi burge ni a garin wata matakala ce ta katako mai rufi, da aka yi a 1642. Makaranta tana can ƙolin tudu, sai mutanen gari suka rufe hanyar don kada ruwa da dusar ƙanƙara su riƙa dukan yara. Taki sama da 170 ne, kuma har yanzu ɗalibai na hawa.

A birnin Sibiu kuwa, rufin gidaje na da wasu ƙananan tagogi masu siffar ido a lumshe, har baƙo ya ji kamar gidajen na kallonsa. Ba don ado aka yi su ba, iska suke shigarwa saman ɗaki inda ake ajiye hatsi da cuku da nama.

Ƙauyuka ba su da ƙarfin kewaye gari duka, sai suka kewaye cocinsu da ganuwa. Kimanin 150 irinsu na nan har yau. A ƙauyen Prejmer, jikin ganuwar daga ciki ɗakuna ne hawa-hawa sama da 270, kowane gida da nasa. A lokacin zaman lafiya rumbu ne, in mahara sun taso kuma uwa ta kwashi 'ya'yanta su shige. Har ɗakin karatu aka ware a ciki, don kada yaƙi ya tsayar da makaranta.

Ɗakin sulhu na Biertan

Wannan na san zai jawo magana. A ƙauyen Biertan, inda babban limamin cocin Sakson ya zauna daga 1572 zuwa 1867, akwai wani ɗan ɗaki a cikin ganuwa. Idan miji da mata suka zo neman rabuwa, sai a rufe su a ciki na wasu makonni. Gado ɗaya, tebur ɗaya, kujera ɗaya, kwano ɗaya, cokali ɗaya. In za a ci abinci dole a miƙa wa juna cokali, in za a zauna dole wani ya haƙura. Mutanen ƙauyen na cewa a cikin shekara 300 aure ɗaya tak ya mutu.

Kafin mu tafa musu, mu tuna cewa manoma ne. Duk makon da aka yi a kulle, gona na can ba mai duba ta, kuma mace ba ta da inda za ta in ta fita. Ƙarancin saki bai nuna kowa na jin daɗi ba. Amma akwai abin dubawa a ciki: sun gane cewa yawancin rigimar aure na tsananta ne saboda kowa na da inda zai gudu, da mai zuga shi a can. Sai suka cire 'yan kallo, suka bar mutum biyu da cokali ɗaya.

Ganuwa na nan, masu ita sun tafi

Shekara ɗari takwas Sakson suka yi a wannan ƙasa. A ƙidayar 1930, Jamusawan Romaniya sun haura 700,000. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaiɗaita su, sannan gwamnatin gurguzu ta Nicolae Ceausescu ta riƙa karɓar kuɗi daga Jamus ta Yamma a kan kowane mutum da ta bari ya fita. Da gwamnatin ta faɗi a Disambar 1989, ƙofa ta buɗe, cikin shekara biyu ƙauyuka suka yi wayam. A ƙidayar 2011, abin da ya rage kimanin 36,000 ne kawai.

Yau in kin je Biertan ko Viscri za ki tarar da ganuwa fes. Hukumar UNESCO ta sa bakwai daga cikin ƙauyukan a jerin kayan tarihin duniya, ƙungiyoyi sun kawo kuɗin gyara, har Sarki Charles na Ingila ya sayi gida a Viscri tun yana yarima. Wasu mutanen, Romaniyawa da 'yan ƙabilar Roma, sun tare a gidajen, matansu na saƙa safar ulu suna sayar wa baƙi. Sai dai karin harshen da aka yi ta rarrashin jarirai da shi a waɗannan ɗakuna, da waƙoƙin biki, da yadda ake naɗa wa amarya kallabi, sun bi masu su. Jikokinsu na Jamus, da yawansu ba sa jin yaren kakanninsu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kuɗi ya gyara dutse, amma bai iya dawo da abin da ke bakin uwa ba.

Maramures, inda katako ke magana

Yanzu mu haura can arewa, bakin iyakar Yukren, zuwa yankin Maramures. Nan Romaniyawa ne manoma da makiyaya, kuma labarinsu ya sha bamban. Tuddansu ba su dace da manyan gonakin gwamnati ba, saboda haka ƙauyuka da dama sun tsira daga ƙwace gonaki da aka yi a zamanin gurguzu. Har yau ana yankan ciyawa da dogon lauje, a tara ingirici tsibi-tsibi a jikin sanda, a ɗauko a keken doki.

Komai nasu katako ne. Cocinsu na katako ne masu dogon tsini, takwas daga ciki suna jerin UNESCO tun 1999. Darajar gida kuwa a ƙofa ake gane ta: ƙatuwar ƙofa mai rufi, an sassaƙa mata tufkar igiya da rana da ganye. A wasu gidajen za ki ga busasshen icce a tsakar gida an kife tukwane a rassansa. Shanya ce, amma kuma saƙo ne, domin an ce in jar tukunya ce a can sama, to akwai budurwar da ta isa aure a gidan.

A ƙauyen Sapanta akwai maƙabartar da babu irinta. Tun 1935 wani masassaƙi, Stan Ioan Patras, ya fara yi wa kaburbura alluna masu shuɗin fenti, ya zana mamacin yana aikin da aka san shi da shi, ya rubuta 'yan baitoci kamar shi ne ke ba da labarin kansa. Ba a ɓoye hali: mashayi an ce mashayi ne, har akwai allon da suruki ya tsokani uwar matarsa. Allunan sun haura 800. Ki duba na mata: wannan tana kaɗi, wannan tana gaban masaƙa, waccan tana cuɗa burodi, ga wata da 'ya'ya kewaye da ita. Abin da hannunta ya iya, da shi gari ya tuna ta.

Rigar da ake karantawa

Wannan ya kawo mu kan abin da Romaniyawa suka fi alfahari da shi, rigar mata da suke kira iye. Farar riga ce ta lilin ko auduga ko rama, mai faɗin hannu, an tattare wuyanta. Ba a zana adon a jikin yadi kafin a fara. Mai ɗinki ƙirga zaren yadin take yi ɗaya bayan ɗaya, tana soka allura, shi ya sa riga guda kan ci watanni.

Hannun rigar kashi uku ne. A kafaɗa akwai faffaɗan ado mai cika, shi ne altitsa. A ƙarƙashinsa wani siririn layi, galibi mai launi ɗaya. Daga nan sai layukan da ke gangarowa zuwa wuyan hannu, waɗanda suke kira koguna. Wadda ta san abin, da ganin riga za ta gaya miki yankin da mai ita ta fito. Matan kewayen Sibiu baƙin zare suke sawa a kan fari, wasu yankunan ja, wasu har da zaren azurfa da duwatsu. Budurwa ta sa mai haske, dattijuwa ta sa mai duhu.

A ina ake koyo? A wani zama da suke kira shezatoware. Da daren hunturu, bayan an gama aikin gona, matan unguwa kan taru a ɗakin ɗaya daga cikinsu da mazari da allura. Ana kaɗi ana waƙa, ana tatsuniya da kacici-kacici, ana gulma daidai gwargwado, yarinya na gefe tana kallon yatsun uwarta. Duk abin da aka ɗinka ko aka saƙa, riga, shimfiɗa, mayafin bango, matashin kai, adakar katako ake zubawa, ana tara wa yarinya tun tana ƙarama. Ranar aure a ɗora adakar a keken doki a ratsa gari da ita. A gidan miji kuma a ware ɗaki guda, wanda ba a kwana a ciki, a jera kayan har kusa da rufi. Uwargida, na san kin gane wannan ɗaki. Bambancin jerensu da namu shi ne, nasu kusan duka hannun uwa da 'yarta ne ya yi shi.

Rigar ta yi suna tun da daɗewa. Sarauniya Marie, wadda jikar sarauniyar Ingila ce ta auri yariman Romaniya da ya zama sarki daga baya, ta riƙa sa ta a bainar jama'a, shahararren mai zanen Faransa Henri Matisse kuma ya zana ta a 1940. A 2022 UNESCO ta sa fasahar ɗinkin a jerin al'adun duniya, da sunan Romaniya da maƙwabciyarta Moldoba.

Watsewa ta biyu

Ga inda gizo ke saƙa. A ƙidayar 1992 mutanen Romaniya miliyan 22.8 ne, a ta 2021 sun koma miliyan 19. Haihuwa ta ragu, amma babban dalili shi ne ci-rani, musamman bayan ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2007. Miliyoyi sun tafi Italiya da Sifaniya da Jamus da Ingila. A Italiya kaɗai sun kai kimanin miliyan ɗaya, kuma mata da yawa aikin jinyar tsofaffi suke yi a gidajen mutane, dare da rana. Uwa na wanke tsohuwar wasu a Italiya, tata tsohuwar na can ƙauye tana rainon jikoki. Likitocin yankin har suna suka sa wa ciwon damuwar da matan ke dawowa da shi, suna kiransa ciwon Italiya.

Ba wanda zai zargi waɗannan mata. Kuɗin da suke turowa shi ya biya makaranta, shi ya sai magani, shi ya gina manyan benayen da ke ƙauyukan arewa, waɗanda yawancinsu a rufe suke sai watan Agusta in 'yan ci-rani sun zo hutu da bukukuwa. Amma yarinyar da uwarta ke nesa, gefen wa za ta zauna ta kalli yatsu? Ga kuma rigunan inji masu araha sun cika kasuwa, har manyan kamfanonin sutura na duniya sun shiga kwaikwayo. A 2017 an zargi Dior da ɗauko fasalin wata falmaran ta yankin Bihor ba tare da ya ambaci masu ita ba.

Abu biyu ne suka hana rigar bin sawun ƙauyukan Sakson. Na farko kakanni mata, waɗanda ba su je ko'ina ba, kuma adakarsu na nan. Na biyu, abin mamaki, irin wayar nan da ke hannunki. Wani shafin Facebook da aka buɗe don rigar ne ya kira mata su sa ta ranar 24 ga Yuni, 2013, su ɗora hoto. Tun daga nan ranar ta zama ta rigar iye a duk inda Romaniyawa suke a duniya. Matan birni, malamai da ma'aikatan ofis, suka shiga ɗaukar hoton tsofaffin riguna a gidajen tarihi da adakar kakanninsu, suna ƙirga zare suna rarraba wa juna fasalin. Zaman dare ya dawo, wani a ɗakin karatu na gari, wani ta bidiyo, da 'yar ci-rani a Italiya da ƙanwarta a gida kowa da allurarta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami mai zuwa ɗiba tun mai zumar na raye.

Abin da za mu ɗauka

Idan muka jera labaran biyu, darasin a fili yake. Gini na iya jiran mai kuɗi ko gwamnati shekara hamsin, a zo a gyara shi. Abin da ke hannu da baki kuwa ba ya jira. Tsara ɗaya ta tsallake shi, shi ke nan, sai dai a gan shi a bayan gilashi a gidan tarihi.

Mu ma muna da namu. Akwai wadda mahaifiyarta ta iya saƙar faifai, ko ɗinkin hula, ko haɗa turaren wuta, ko daddawa, ko kitson da yanzu ba a ganin irinsa, ko waƙar niƙa da ta reno. Ba sai mun koma zaman da ba, kuma ba a ce yarinya ta bar boko ba. Matan Romaniya da suka farfaɗo da rigarsu masu digiri ne da yawansu. Abin da suka yi mai sauƙi ne: sun je wurin tsohuwa tun tana da ƙarfin gani, sun zauna, sun tafi da 'ya'yansu.

Hutun makaranta mai zuwa, in kin kai yara gaida Hajiya ko Inna, ki roƙe ta ta nuna musu abu ɗaya da hannunta. Ki kunna wayar ki ɗauka, ki tambaye ta sunan kowane abu da wanda ya koya mata. Sannan ki ajiye wayar ki karɓi allurar ke ma, domin yaro abin da ya ga uwarsa na yi shi yake ɗauka da daraja.

Ina jiran ku a ƙasa da amsar tambaya biyu. Wace sana'a ko waƙa ko girki mahaifiyarki ta iya wanda 'yarki ba ta sani ba? Sannan ɗakin sulhun Biertan, da a ce akwai irinsa a unguwarku, gyara zai kawo ko ɓarna? Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A shafa min kan yara.